Ɗaliban Mijin Jikata

Ina leƙawa ta tagar wani kango, gulmar da na fito nema ta tsaya mini a wuya.

Jikata ce ta turo ni. Kullum mijinta sai ya fita da riga a goge, ya dawo hannu duk alli, wai kwaleji ta ɗauke shi koyar da lissafi. Amma ko ɗalibi ɗaya bai taɓa gaishe shi a hanya ba. "Kaka, ke da ba a ɓoye miki komai, bi mini shi."

Na san wahalar bawan Allah. Ya kai wa masu ɗaukar aiki digiri na biyu, suka ce sai na uku. Ya kawo na uku, suka ce shekarunsa sun wuce.

Ga shi nan kuwa a kangon shi kaɗai, ya jera bulo sahu-sahu, yana cika bango da lambobi. Ya juyo ya dubi bulon: "Akwai mai tambaya?"

Na lallaɓa gida.

"Kaka, kin gan shi?"

"Na gan shi, 'yar nan, yana aji." Na kau da kai. "Ɗalibansa ko tari ba sa yi."