Ba Sai Malam Ya Gani Ba

Masu dako ne suka tsinto yarinyar a bayan tulin akwatunan alhazai, a tashar jiragen ruwa ta Jidda, ranar da jirgin ƙarshe zai tashi zuwa Bur Sudan. Ba ta wuce shekara huɗu ba. An yi tambayar duniya ta faɗi sunanta, ta yi gum.

Aka danƙa ta a hannun Usuman, sabon ma'aikaci a ofishin kula da yara, wanda ya fito daga jami'a da kai cike da dabaru, yana ta neman inda zai sauke su. Ya zaunar da ita a ɗakin jira, ya shiga wurin shugabansa.

Malam Haladu ya tsufa a wannan aiki, kuma yana da ƙa'idoji biyu da kowa ya haddace. Ta farko, ba ya kallon yaron da zai yanke wa hukunci, don a cewarsa idon yaro yana ɓata lissafin babba. Ta biyu, daga saukar alhazai har tafiyarsu a ofis yake kwana, kuma ya ja wa mai gadi kunne kada ya bar kowa ya shigo masa da maganar gida. Mutum ne mai kunya irin ta mutanen da. Abokan aikinsa ba su taɓa jin ya ambaci iyalinsa ba, balle sunan ɗa.

Usuman ya kwatanta yarinyar, ƙafa ba takalmi, kitso ya tsufa, ga tsage daga gefen baki har kusa da kunne. Malam ya shafa nasa kumatun ya yi murmushi. Ya ce wannan aikin wanzaman Gobir ne, ba wanda zai koya masa shi, kuma haifaffun Jidda sun daina yi wa 'ya'yansu. Saboda haka 'yar alhazai ce, iyayenta sun riga sun hau jirgi. A miƙa ta ga jagoran ayarin Gobirawa kafin la'asar, halas, magana ta ƙare.

Usuman ya ce shi fa ya lura da ya ce mata "yalla" da Larabci sai ta miƙe, da ya ce "taso" sai da ta yi jim. Me zai hana a kai ta Nuzla, unguwar da Hausawa suka fi yawa, a sauke ta a ƙasa a ga inda ƙafarta za ta nufa?

"A jami'a aka koya maka bin sawun yara kamar mai neman akuya?" in ji Malam. "Ɗan alhaji ko wata ɗaya ya yi a nan ya iya yalla."

Ya ƙara da cewa ya ga irin wannan uban fiye da a ƙirga, mai fita yara na barci ya dawo suna barci. Da da hali, da bulala zai sa a yi masa kafin a ba shi 'yarsa. Shi kuwa Usuman, in jirgi ya tashi babu ita, kada ya wahalar da kansa zuwa aiki gobe.

Usuman ya saɓa ta a kafaɗa ya fita ta ƙofar baya. A bakin titi ya tsaya yana jin ƙugin jirgi. In Malam ne da gaskiya ya kuma kai ta Nuzla, shi zai raba ta da iyayenta, ya kuma rasa aikinsa. In shi ne da gaskiya ya kuma kai ta jirgi, da hannunsa zai tsallakar da ita Bahar Maliya. Ya tare tasi, ya ji bakinsa ya ce Nuzla.

A bakin kasuwa ya sauke ta. Ta tsaya tana kallon mai gasa burodi har gumi ya jiƙa wa Usuman riga. Can sai ta juya ta shiga wani lungu, ta ratsa ta bayan masallaci, ta fara gudu.

Gidan da ta faɗa cike yake da mata. Wata ta sure ta tana kuka tana duba ta gaba da baya. Wata dattijuwa mai suna Luba, maƙwabciyarsu, ta bayyana masa cewa alhazan da suka sauka a gidan ne suka tashi da safe, yarinyar ta bi su cikin motar kaya ba wanda ya lura. Ita Luba da kanta ta je wurin aikin uban har sau biyu, mai gadi ya koro ta.

Usuman ya gyara tsayuwa. Aikinsa dai ya tafi, amma ba zai bar gidan nan ba sai ya san wannan uba, ya isar masa da saƙon bulalar Malam. Ya tambayi uwar sunan mijinta. Ta sunkuyar da kai, don mace ba ta kama sunan miji.

"Kai ɗan nan, ba daga ofishin yara ka ce kake ba?" in ji Luba. "To koma ka gaya wa Malam Haladu an ga 'yar tasa."