Taku Arba'in Zuwa Banɗaki

Butar Iya Dudu ce Rumasa'u ta fara lura da ita: cike take da ruwa, an ɓoye ta bayan ƙofa.

Tun da aka kawo katifa mai kai rahoto, duk tsohon da ya jiƙa shimfiɗa sau bakwai, na'ura ke ba shi lambar lalacewar mafitsara, a ɗauke shi zuwa gidan jinya. Aikin Rumasa'u, ma'aikaciyar lafiya, sa hannu ne kawai.

"Iya, kina jin fitsarin idan ya zo?"

"Yo mutuwa na yi, 'yar nan? Sarai nake ji."

"To me ke hana ki zagayawa?"

Tsohuwar ta nuna tsakar gida da haɓa. Dab da ƙofar banɗaki Malam Tanimu, mijin 'yarta, ya kafa keken ɗinkinsa, nan yake wuni.

"In ja gwiwoyin nan taku arba'in, in wuce gaban surukina da buta? Gara su kwashe ni."

Fitilar katifar na ta ƙiftawa. Rumasa'u ba ta taɓa musa wa na'ura ba, amma ta goge lambar da ta ba Iya, ta sa ta mai lafiyayyar mafitsara wadda hanya ta gagara. Da allon na'urar ya nemi hujja, sai ta ɗaga murya yadda ba ta saba ba, tana rubutawa tana karantawa:

"Ciwon gwiwa, nisan banɗaki, da kunyar suruki. Iya tana nan a ɗakinta."

Ƙarar keke ta tsaya. Malam Tanimu ya kinkimi kekensa, ya nufi zaure.