Wadda Ta San Barcinsa

Bayan la'asar Rahma ta shimfiɗa wa Ramadan tabarma a soron gidansu da ke Dala. An sa bikinsu sai bayan an rantsar da gwamnatin farar hula, ga shi lokaci ya matso. Yau bai yi gyangyaɗin da ya saba ba, amma ya kasa haɗa ido da ita.

"Na je asibiti," ya ce. "Ashe munsharin nan ciwo ne. Numfashina yankewa yake ina barci, shi ya sa nake wuni ina gyangyaɗi. Za su yi min aiki a maƙogwaro."

Rahma ta ce, "To, mai barci ta ina ya san numfashinsa ya yanke?"

Ya ce, "Likita ya nemi wanda ya san barcina. Sai na tafi da Hadiza."

Hadiza, matar da ya saka bara. Ita Rahma tana nan tana zaton hirarta ce ta gundure shi, ashe wata ta sha kwana ido biyu tana girgiza shi don ya ja numfashi.

"Ta yi kuka a gaban likitan?"

Ya kawar da kai. Can ya ce, "Ina ganin a ɗaga bikin har in warke."

"Don ta samu ta yi jinyarka?" Ta miƙe tana gyara mayafi. "Yau zan sa Umma ta sami Baba. Matso da bikin za a yi. Ranar aikin, in likita ya ce ina matarka, ni za a nuna masa."