Takardar Sunaye a Hannun Sani

Ranar tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙin basasa, an taru a ƙofar gidan dagacinmu a ƙasar Zango bayan la'asar. Ina yaro a lokacin. Gwamnati ta aiko da takardar sunayensu daga Daura, har da na mahaifina.

Kawu Isa, wanda ya riƙe ni, ya miƙa wa ɗansa Sani, ɗan firamare, takardar. Ni kiwo nake yi, ba a sa ni makaranta ba.

Na ce, "Kawu, ai babana ne."

Ya ce, "To ungo, karanta."

Na ƙura wa takardar ido. Sani ya fizge, ya ce, "A juye ka riƙe ta, sarkin awaki."

Da ya kai sunan Baba, dattawa suka yi addu'a, suka riƙa shafa kan Sani suna sa masa albarka. Babu wanda ya waiwaye ni.

Bara na shiga ajin yaƙi da jahilci, amma an daina aiko da sunaye, fure ake ajiyewa a Abuja. Ni da Sani lafiya lau muke, sai dai har yau shi kaɗai ya taɓa kiran sunan babana a gaban jama'a.