Kanwa a Bakin Zane

Wata rana da la'asar, ina yarinya, Kaka tana gauraya wake da toka saboda ƙwari, tana ɗurawa a tulun da za a binne a gindin dutsen da muke ɓuya. Tun safe aka ce an ga sawun dawakin mahara wajen Tsiga.

Ta jawo bakin zanena, ta ƙulle gutsuren kanwa.

"'Yar nan, wake in ba kanwa daɗewa yake a wuta, hayaƙi kuwa shi ke kiran mahara. Yana nuna, ki kashe wutar."

Na ce, "Kaka, ai ke ke dafawa."

Ta dubi kumburarrun ƙafafunta, ta ci gaba da ɗura wake.

Har yau ba na rabuwa da kanwa a bakin zane. Jikokina dariya suke mini.