Muryar Yaya

Auta ta jingina wayar a jikin matashin kai, daidai kunnen Inna, ta danna lambar yayanta. Ko ƙara ɗaya ba ta gama yi ba aka ɗauka.

"Inna, barka da hantsi. Yaya ƙarfin jikin?"

Tsohuwar ta yi murmushi, abin da ta manta da shi tun da ciwo ya kwantar da ita. Auta ta koma bakin ƙofa tana mamaki. Wannan dai Yayan ne da a da sai ka kira shi har wayarka ta yi zafi, in ka taki sa'a ya turo maka "ina taro".

Sana'arsa ce ta raba shi da gida. Ya sayar da shagon da Baba ya bari, ya tafi birni ya kama wani aiki da Inna ta kasa gane kansa. Yana haɗa wa ƙananan 'yan kasuwa manhaja mai amsa waya da saƙonni a madadinsu, ta karɓi oda, ta tuna wa mai kaya ranar karɓa, ta lallashi mai ƙorafi. Masu wanki da guga, masu kanti, masu gyaran mota, duk ya bi su shago-shago yana tallar "ma'aikacin da ba ya neman hutu". Ranar da aka sayar da shagon, Inna ta ce masa ya je, duniya ce, ta ishi kowa riga da wando. Daga nan ta rufe bakinta da shi.

Auta ce ya fara gwada abin a kanta, a shagonta na labule, kyauta, yana tsokanarta wai wanda bai biya ba ya fi kowa ƙorafi. Ya zaunar da ita ta yi ta karanta jimloli yana ɗaukar muryarta, ya kwashe tsofaffin hirarrakinta da masu saye, don manhajar ta riƙa amsa musu da muryarta. Ciniki kuwa ya buɗe. Har wata mata da suka saba cacar baki kan tsawon labule ta tare ta a hanya tana yaba mata haƙuri. Auta ta yi dariya a ciki, don ita ta san halinta yana nan inda ta bar shi.

Da likita ya ce a koma da Inna gida a yi ta addu'a, abu ɗaya Auta ta sa a gaba: kada uwarsu ta tafi da fushin Yaya a zuciya. Ta kira shi da niyyar wanke shi tas, sai ta tarar ya yi laushi kamar ba shi ba. Da ƙyar ta shawo kan Inna ta yarda a kara mata wayar.

Tun daga ranar kullum sai sun yi magana. Inna ta yi faɗa har ta gaji, shi dai haƙuri yake ba ta. Ta tuna masa ranar da ya ɓata a kasuwa yana yaro, ya ce ta ba shi labarin tun daga farko, ya fi daɗi a bakinta. In ta tambayi zuwansa, ya ce yana nan tafe da zarar ya samu sarari.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Auta a rai, shi ne shirun. Ta san ofishinsa, a bakin titi yake, hon ɗin motoci ba ya barin ka ji na kusa da kai. Amma a bayan muryar nan babu komai. Ba mota, ba fanka, ba ko gyaran muryar da ya gada wurin Baba. In barci ya ɗauke Inna tana tsakiyar magana, sai layin ya zauna a buɗe yana jira, ko numfashi ba a ji, har sai Auta ta kashe wayar. Ta ce wa ranta wayoyin masu kuɗi ne, haka suke tace hayaniya.

Wata safiya Inna da kanta ta nemi a kira shi. Muryarta ta koma kamar zare.

"Na yafe maka, duniya da lahira. Allah ya yi maka albarka."

"Amin, Inna, na gode ƙwarai. Akwai wani abin da kike so in yi miki?"

"Ka zo."

"Ina nan tafe."

Kafin azahar Inna ta cika. Auta ta kira shi tana kuka, ya yi salati, ya ba ta haƙuri, ya ce yana nan tafe. Aka jira har Kawu ya ce ba a ajiye mamaci saboda mai rai, aka kai ta. 'Yan uwa suka yi ta tsegumi, Auta tana kare shi. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma duk sanda zuciyarta ta ƙuntata sai ta tuna cewa ko ba komai ya samu yafiyar uwa, ita shaida ce.

Bayan ƙafa ta ɗauke, tana ɗakin Inna tana ninke kayanta, sai ta ji tsayuwar mota, sannan gyaran murya a tsakar gida, sak irin na Baba. Ta fito. Ga Yaya ya rame, ya yi zufa, da ledar tsaraba a hannu, yana murmushin mai laifi. Ya ce wani mai gidan burodi ne ya kira shi aiki a nan kusa, sai ya ga bai kamata ya wuce ba. Ya kalli ƙofar ɗakin, ya rage murya.

"Auta, don Allah ki shiga gaba ki roƙar mini ita. Rabona da jin muryar Inna tun ranar da na sayar da shagon."