Takardar Sallama a Shafi Ɗaya

Tun ƙarfe takwas na safe Bawa yake fama da layin ƙarshe na jadawalin. Yanzu goma da rabi ta wuce, layin kuma yana nan inda ba a son shi.

Shekara ashirin da bakwai ke nan yana buga takardu a wata masana'antar kwali da ke Madinar Masana'antu, unguwar masana'antu ta Jidda. Da keken rubutu ya fara. Wancan ƙarfen ba ya gardama, inda ka buga harafi nan yake zama. Kwamfuta kuwa tana da nata ra'ayin.

Aikin ba shi da yawa. Sabon mudir, wato manaja, Ra'id, wanda ko wata biyu bai cika ba, ya zauna da fayilolin ma'aikata ya tsamo waɗanda yake ganin shekaru sun ja musu. Ba za a sabunta musu iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, ba. Ya jera lambobin fayil a bayan ambulan, ya ajiye wa Bawa a tebur. Kowa a ofis Ammi Bawa yake ce masa, wato Baffa Bawa, ba mai kiran sunansa na takarda.

"Ammi Bawa, jadawali nake so, shafi ɗaya, kafin azahar. Direba zai kai wa kafili, mai riƙe da iƙamar ma'aikata. In aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa min, akwai masu neman kujerar nan."

Bawa ya jawo ambulan ɗin gabansa. Ya san abin da rasa kujerar yake nufi. Garinsu a Sudan yaƙi ya watsa shi. Matarsa Mansura sau uku a mako ake yi mata wankin ƙoda a nan Jidda, kuma katin asibitinta a jikin iƙamarsa yake rataye.

Ya buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya ya kwashe sunayen. Sunaye da Larabci suna tafiya daga dama, lambobin iƙama suna tahowa daga hagu. Duk inda suka haɗu sai lambar ta tsallaka gaban sunan, ko ta rabu biyu. Wannan tsohon ciwo ne, ya san maganinsa, cikin rabin awa ya daidaita su. Layin ƙarshe ne ya gagara.

Ya taɓa girman haruffa. Jadawalin ya ɗan girgiza, ya koma yadda yake. Ya taɓa tazarar layuka, haka. Ya ja gefen takarda, ya sauya nau'in rubutu har sau uku. Duk abin da ya yi, sai manhajar ta yi nata lissafin ta mayar masa da hannun agogo baya. Wurin sa hannu da hatimi kam yana can ƙasan shafi, a jikin fom ɗin kamfani, shi ba ya motsi.

Ya yi tsaki. Ya cire tabarau ya goge da gefen jallabiya, ya mayar.

Jawahir, mai karɓar odar kaya a tebur na kusa, ta ajiye waya. Haihuwar unguwar Sharafiyya ce a nan Jidda, Hausarta rabi Larabci. Ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Ammi, esh fi, me ya faru? Tun safe kake huci. Wallahi ya yi kyau. Halas, ya isa, ka buga kawai."

"Bai yi ba."

"To me ya rage?"

"Koma aikinki."

Ta ɗaga kafaɗa. Har ta juya, sai ta ce, "Akwai wani saiti da injiniya ya sa mana bara, mai matse takarda a shafi ɗaya. Ka duba shi kuwa?"

Karon farko a ranar Bawa ya ɗago ya dube ta. "A ina yake?"

Ta nuna masa da bakin biro, wani ɗan akwati a ɓoye ƙarƙashin jerin umarni uku, ta koma kan wayarta.

Sha ɗaya da rabi. Ra'id ya buɗe ƙofar ofishinsa ya ƙwala, "Yalla, ya ammi, yi sauri, direba na jira!" Ta taga Bawa yana hango Badaru direba ya tada mota, yana goge gilashi da tsumma. Can cikin masana'anta injin yankan kwali yana ta bugawa, mutanen da sunayensu ke kan allon nan suna ɗaure kaya, ba wanda ya sani.

Ya kai kibiyar linzamin kwamfuta kan ɗan akwatin. Akwai alama a cikinsa, saitin a kunne yake. Ya danna, alamar ta ɓace.

Jadawalin ya motsa. Layin ƙarshe ya tafi inda Bawa yake so ya tafi tun safe.

Ya tura wa na'urar bugawa, ya tsaya a kanta. Takardar na fitowa ya zare ta da ɗuminta ya kai ofis. Ra'id yana waya. Ya kalle ta sama sama kamar yadda ya saba, ya ga shafi ɗaya ne, layuka ashirin a tsare, ya sa hannu, ya buga hatimi, ya miƙa wa Badaru ta taga.

"Ka gani? In ka so kana iyawa," in ji Ra'id.

"Alhamdu lillahi," in ji Bawa.

Motar ta fice ta babbar ƙofa daidai lokacin da aka fara kiran salla. Jawahir ta tashi alwala. Bawa ya jira har ofishin ya zama ba kowa, sannan ya koma wurin na'urar ya ɗauki shafi na biyu da ya fito daga baya. Fari ne fes, sai layi ɗaya a can sama, na ashirin da ɗaya, ɗauke da cikakken sunan da Ra'id bai taɓa tambayar ko na wane ne ba: sunan da ke kan iƙamar Bawa.